Leda da Maƙunsan Abinci a Ƙasar Zagga da Bagudo

1. Gabatarwa

Zagga gari ne cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙasar Gwandu. Kogin Kwara ya ratsa wannan yanki ya raba shi biyu. A ƙetaren kogi akwai Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, daga nan sai iyakar Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahomi kafin shekarar 1975. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Bussawa suna zaune tare a wannan yanki, suna noman shinkafa da gero da dawa da albasa, suna su, suna kiwo, suna fatauci. Abin da su ka noma ko su ka kama ba a gida kaɗai ya ke ƙarewa ba. Wani ya kan tafi Jega da Yawuri, wani ya gangara kudu, wani kuma ya ƙetare iyaka zuwa Segbana da Malanbil. Ko wane kaya kuwa, kafin ya kama hanya, sai an sa shi cikin wani abu.

A zamanin yanzu wannan abu galibi leda ce. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa abin da a ke kira leda ba abu ɗaya ba ne, iri-iri ne, ko wane da halinsa; kuma sunan nan guda da harshe ya ba su duka shi ne ke ɓoye bambancinsu ga mai saye. Ɗan kasuwa da ya ƙunsa kifi da ledar da ta dace da gishiri, ko ya zuba koko mai zafi cikin ledar da a ka yi domin ɗaukar takalmi, ya yi hasarar dukiya ko ta lafiya, alhali a bakinsa bai yi kuskure ba, gama duka leda ya saya.

2. Maƙunsan dā da sunayensu

Wanda ya duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga Hausa tana da kalmomi da yawa na abin da a ke zuba kaya ko a ƙunsa su. Akwai *taiki*, babbar jakar fata ta hatsi. Akwai *salka* ta ruwa, da *tandu* na mai, da *burgami*, da *sanho* wanda a ke saƙawa da kaba, da *mangala* ta jaki, da *adudu*, da *kwando*, da *gora*, da *ƙwarya*. Abin lura a nan shi ne, kusan ko wane suna yana tafe da aikinsa. In an ce salka, ba mai tambaya ko me ke ciki. In an ce tandu, an san ba gero za a zuba ba. Har aikatau ma sun rarrabu: a kan *ƙunsa* daddawa, a *ɗura* mai, a *zuba* hatsi, a *naɗe* kilishi, a *ɗaure* dami, a *toshe* bakin gora.

Misalin da ya fi kowane bayyana wannan shi ne goro. Ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja, watau kasuwar Salaga da kewayenta cikin ƙasar Gana ta yau, su kan bi ta Bargu su ƙetare Kwara, kuma Illo na cikin mashigansu. Tafiyar wata da watanni ce. Goro kuwa abu ne mai rai: in ya bushe ya yi tauri ya rasa daraja, in ya jiƙe ainun ya ruɓe, in an ƙyale shi sankara ta cinye shi. Sai fatake su ka sami dabarar *huhu*. A kan jera goro cikin faffaɗan ganyen da a ke kira *fita*, a rufe, a ɗaure. Ganyen yana riƙe sanyi da laima, amma ba ya hana iska shiga. Bayan 'yan kwanaki a kan kwance huhun, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sāke ganye in ya bushe, a mayar. Waɗannan mutane ba su karanta kimiyya ba, amma sun san abin da goro ke tsoro, sun zaɓa masa maƙunshi gwargwadon haka. Wannan ita ce ƙa'idar da har yau ba ta sāke ba.

3. Asalin leda da asalin sunanta

Kalmar *leda* ararriya ce daga Ingilishi, daga kalmar da ke nufin jemammiyar fata. Da fari an sa ta ga shimfiɗa mai santsi ta kanti wadda ke kama da fata, sa'an nan ma'anar ta yi ta faɗi. Yanzu leda ce a tsakar ɗaki, leda ce jakar cefane, leda ce ta ruwan sha, leda ce ta biskit da ta madarar gari, leda ce kuma a ke lulluɓe kaya da ita a bayan mota. In mai magana ya so rarrabewa, ba shi da abin kamawa sai launi da kauri: baƙar leda, farar leda, mai kauri, mai ƙyalli. Launi kuwa ba ya faɗin halin abu.

Su kayan da kansu ba tsofaffi ba ne. Selofen, wanda a ke yi da ɓargon itace, wani mutumin Suwizalan mai suna Jacques Brandenberger ne ya ƙago shi wajen 1908. Foliyetilin, uwar yawancin ledojin kasuwa, an gano ta a ɗakin binciken kamfanin ICI a Ingila cikin 1933, a ka fara yin ta da yawa a 1939. Folifirofilin ta biyo baya a 1954. Jakar cefane mai hannu, wadda a ke yanka daga leda guda, wani kamfanin Suwidin ne mai suna Celloplast ya yi rajistarta a 1965. Daga 1988 a ka fara buga lamba daga 1 zuwa 7 a jikin kayan roba domin a san irinsu. Ga waɗanda su ka shafi abinci:

*Foliyetilin mai taushi*, lamba 4. Ita ce farar ledar ƙulla sukari da gishiri da ruwa. Tana miƙewa in an ja ta, tana liƙuwa da wuta cikin sauƙi, tana tare laima sosai. Amma iskar oksijin da ƙamshi suna ratsa ta. Tana narkewa wajen digiri 110, tana kuwa yin laushi tun kafin nan.

*Foliyetilin mai tauri*, lamba 2. Ita ce mai ƙarar nan in an murza ta. Ta fi ta fari ƙarfi da tare laima, tana narkewa wajen digiri 130.

*Folifirofilin*, lamba 5. Garau ta ke kamar gilashi, ba ta miƙewa ƙwarai, tana jure zafi har wajen digiri 160. Ita a ke ƙunsa biskit da taliya da ita, kuma da zarenta a ke saƙa farin buhun shinkafa da na taki.

*Fet*, lamba 1, da *nailan*. Waɗannan sun fi foliyetilin tare iskar oksijin nesa ba kusa ba. Nailan kuma yana da wuyar hudawa. Ba a cika amfani da su su kaɗai ba, sai a manna su da foliyetilin, ɗaya ta tare iska, ɗaya ta tare laima ta kuma ba da liƙi.

*Leda mai alminiyum*. Ita ce mai ƙyalli kamar azurfa a ciki, irin ta madarar gari. Tana tare haske da iska da laima gaba ɗaya, ita ce kuma mafi tsada.

*Fibisi*, lamba 3. A kan gauraya ta da magunguna masu sa laushi, waɗanda mai ke iya tsotsewa. Sai fa wadda a ka yi musamman domin abinci, in ba haka ba a nisanta ta daga abinci mai maiƙo.

Shida ke nan, suna ɗaya.

4. Abinci da maƙiyansa

Abubuwan da ke lalata abinci a ajiya biyar ne: laima, da iska, da haske, da ƙwari, da zafi. Ba ko wane abinci ne ke tsoron dukansu ba, wani ma abin da ke kashe ɗan'uwansa shi ne ke rayar da shi. Sabo da haka tambayar farko ba ita ce wace leda ta fi kyau ba, a'a, me wannan abinci ke tsoro?

*(a) Abinci mai rai.* Albasa da tumatir da tattasai da goro da ɗanyen ganye suna numfashi ko bayan an cire su daga gona. Suna shaƙar iska, suna fitar da ruwa da ɗumi. In an ƙulle su cikin leda marar ƙofa, sai gumi ya taru a jikinta, ya koma kansu, su ruɓe. Manoman albasa na Aliero da na Malanbil sun san haka, shi ya sa buhun algarara da buhun raga su ne nasu. In lalle sai an sa irin wannan kaya a leda, to, a sami mai huji-huji, kuma a ajiye a inuwa.

*(b) Hatsi da wake.* Maƙiyinsu ƙwaro ne da laima. Saƙaƙƙen farin buhu yana da ƙarfi da araha, ya isa ɗaukar shinkafa zuwa kasuwa, amma ƙwaro yana shiga ta tsakanin saƙar, laimar damina ma haka. Tun da a ka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, shinkafar Kebbi ta yi suna, har a ka yi ta sayar da ita a Ikko daga ƙarshen 2016. Amma sharaɗin ajiyarta bai sāke ba: shanshera sai ta bushe ruwan jikinta ya sauko zuwa kashi 14 cikin 100 ko ƙasa da haka kafin a ɗinke buhu.

Wake ya fi shinkafa wuyar ajiya, har manoma da 'yan kasuwa su ka saba zuba masa maganin ƙwari. Wannan ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya cikin 2015, domin an sami ragowar guba fiye da ƙima. Alhali kuwa akwai hanyar da ba ta bukatar magani. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, su ka fito da buhu mai riɓi uku wanda a ke kira PICS, a ka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, a ka kuma yi ta ƙera shi a Kano. Ledoji biyu masu kauri na foliyetilin mai tauri suna ciki, saƙaƙƙen buhu yana waje. A kan cika, a matse iska, a ɗaure ko wane riɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki su kan shanye 'yar iskar da ta saura, su daina ci da haihuwa, su mutu. Sharaɗi biyu ne: waken ya bushe sarai, kuma kada a bari ɓera ko tsinke ya huda buhun. Huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin duka.

*(c) Abinci mai maiƙo.* Ƙuli-ƙuli da soyayyiyar gyaɗa da kilishi da dambun nama da man gyaɗa, maƙiyinsu iska ce da haske. Iskar oksijin tana haɗuwa da mai, sai ya sāke ɗanɗano ya yi wari, hasken rana kuwa yana gaggauta wannan. Farar leda mai taushi ba ta tare ko ɗaya cikinsu. Ta isa ga kayan da za a sayar yau ko gobe. Amma mai son kilishinsa ya yi wata biyu a kanti, ko ya yi doguwar tafiya, sai ya nemi leda mai riɓi, ta fet ko ta nailan, in da hali mai alminiyum, ya liƙe bakinta da injin liƙi, ba ƙulli ba. Takardar da masu kilishi su ka saba naɗe shi da ita tana da amfaninta, gama tana tsotse mai tana barin nama ya sha iska. Amma ta zama farar takarda ce mai tsabta, ba jarida ba, ba kuma buhun siminti ba, domin mai yana narkar da tawada. Gyaɗa kuma tana da wani maƙiyi. In an ƙulle ta da sauran danshi, funfuna ta kan kama ta, ta haifar da gubar da a ke kira afalatoksin, wadda a ka gano bayan ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila cikin 1960. Wannan guba tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

*(d) Kifin banda.* A nan ne Sarkawa da matan da ke banda a bakin Kwara su ka fi yin hasara. Kifin banda iri biyu ne. Akwai wanda a ka yi wa banda ta 'yan sa'o'i, ya nuna amma cikinsa da ruwa. Akwai wanda a ka bar shi kan wuta kwana da kwanaki har ya bushe ƙayau, yana ƙara in an ƙwanƙwasa. Na farko ba na leda ba ne ko kaɗan. In an ƙulle shi, kafin kwana biyu ya yi funfuna. In kuma an zuƙe iskar ledar da inji ba a sa shi cikin sanyi ba, haɗarin ya fi girma, domin akwai ƙwayar cuta mai suna botulinum wadda ba ta yaɗuwa sai inda babu iska, gubarta kuwa tana kisa, kuma ba lalle ne kifin ya yi warin da zai faɗakar da mai ci ba. Irin wannan kifi kwando ko kwali ne nasa, a kuma sayar da wuri. Na biyu, watau busasshe sarai, shi ne leda ke taimako: tana hana ƙwaro yi masa ƙwai, tana hana shi shan laimar damina. Amma a bari ya huce tukuna, kuma a zaɓi mai kauri, ko mai nailan, gama ƙayar tarwaɗa ba ta jin kunyar siririyar leda.

*(e) Gari da makamantansa.* Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da garin rogo da sukari da gishiri, laima kaɗai su ke tsoro. Nan ne farar leda mai taushi ta ke a gidanta, ba a bukatar kashe kuɗi a kan mai tsada. Gishiri ma ya fi bukatarta yanzu, domin tun 1993 a ka wajabta sa masa sinadarin aidin a Nijeriya, aidin kuwa ya kan ragu in gishiri ya sha laima da rana a buɗe. Yaji da citta da kanumfari sun bambanta kaɗan: ƙamshinsu ne kuɗinsu, ƙamshi kuwa yana fita ta jikin foliyetilin. Folifirofilin ko leda mai riɓi ta fi musu.

*(f) Abinci mai zafi.* Wannan shi ne babin da ya shafi kowa. Koko da kunu da tuwo da wake da shinkafa, duka a kan zuba su cikin leda suna tururi. Ƙosai ya kan fito daga man da zafinsa ya kai digiri 170 ya faɗa cikinta. Alale ma a kan dafa shi a ciki. An riga an faɗi cewa foliyetilin mai taushi tana narkewa wajen digiri 110. Tun kafin ta narke, zafi da maiƙo suna sa abin da a ka gauraya a cikinta ya riƙa shiga abinci. Baƙar leda ta fi muni, domin galibi da tsofaffin robobi da a ka narkar a ke yin ta, ba a san abin da su ka taɓa ɗauka ba, baƙin launin kuwa yana rufe duk abin da ke ciki. An yi ta ne domin ɗaukar kaya, ba domin ta taɓa abin da za a ci ba. Ga abinci mai zafi, kwano da samira da ƙwarya da ganye har yanzu ba su da na biyu. In ta kama dole, folifirofilin da a ka yi domin abinci ita ce mai jure zafi.

5. Doka da iyaka

Mai kai kaya ƙetare yana da wani abin lura. Jamhuriyar Nijar ta kafa doka a ran 5 ga Nuwamba 2014 ta hana yin siraran ledoji da shigo da su da sayar da su. Jamhuriyar Benin ta kafa tata, mai lamba 2017-39, a ran 26 ga Disamba 2017, ta hana yi da shigowa da sayarwa da riƙe ledar da ba ta ruɓewa. Ba su ne na fari ba: Bangaladash ta riga su a 2002, Ruwanda a 2008. Ko da ya ke har bayan dokar ba a daina ganin leda a kasuwannin can ba, doka dai doka ce, kuma ɗan kasuwar da ya tsallaka daga Tsamiya ko Lolo ya shiga ƙarƙashinta. A gida kuma, hukumar NAFDAC, wadda a ka kafa a 1993, ita ke da rajistar abincin da a ka ƙunsa domin sayarwa, kuma tana bukatar a rubuta sunan kaya da na mai yi da ranar yi da ranar lalacewa a jikin maƙunshi.

Dalilin waɗannan dokoki ba ɓoyayye ba ne ga mutanen Ka'oje. Ganyen fita in an yar da shi ya zama taki. Leda in an yar da ita tana nan shekara da shekaru. Shanu da awaki su kan haɗiye ta sabo da gishiri da maiƙon da ke jikinta, ta dunƙule cikin tumbi, dabba ta yi ta rama ba a san dalili ba sai ranar fiɗa. Ta kan toshe magudanar ruwa, ta shiga kogi ta sarƙe taru da koma. Wannan ma yana cikin kuɗin leda, ko da ya ke ba mai saye ne ke biyansa ba.

6. Abin da ya rage ga harshe

An ga cewa tsofaffin sunaye, irin su salka da tandu da huhu, suna faɗin aiki. Sabon suna kuwa ba ya faɗin kome sai kama. Ba a sa ran mai sayar da daddawa a kasuwar Zagga ta haddace foliyetilin da folifirofilin, waɗannan kalmomin littafi ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a bi hanyar dā, a raɗa wa ko wace leda suna daga aikinta. Hausa tana da kayan ginin a shirye: *ledar abinci* da *ledar kaya*, domin a raba wadda ta halatta ta taɓa abin ci da wadda ba ta halatta ba; *leda mai numfashi* ga mai huji; *leda mai tare iska* ga mai riɓi; *leda mai jure zafi*; *leda mai tare haske*. In malaman gona da ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo su ka daidaita a kan sunaye irin waɗannan, masu ƙera leda kuma su ka buga su a jikin kayansu da boko da ajami, mai saye zai iya tambayar abin da ya ke bukata da bakinsa. Abin da ba shi da suna kuwa, da wuya a tambaye shi a kasuwa.

Kafin a kai ga haka, tambayoyi huɗu sun isa jagora ga wanda zai ƙunsa abinci. Abin nan yana numfashi ko ya bushe? Yana da maiƙo ko babu? Da zafi za a zuba shi ko ya huce? Kwana nawa zai yi kafin a ci? Wanda ya amsa waɗannan ya san ledar da zai saya, wani lokaci ma ya san ba leda ya ke bukata ba, kwando ne ko ganye. Fataken Gwanja da su ka kawo goro ɗanye daga Salaga har bakin Kwara, tambayoyin da su ka yi wa kansu ke nan.